Wai waye "entel" a diramomin Turkiyya?

Duk mai kallon diramomin Turkiyya, ba na sarakuna da dawaki da takubba nake nufi ba, na zamani waɗanda ake yi a cikin Istanbul, to ya san wani irin mutum ko da bai san sunansa ba. Suma buzu-buzu, gemu ba gyara, ga tabarau, yana zaune a can saman bene daga shi sai kyanwarsa da tulin littattafai, sigari a hannu yana leƙen teku ta taga. Marubuci ne ko mai zane ko ɗan wasan kwaikwayo, shekara uku kenan yana cewa littafi yake rubutawa amma ko shafi goma bai haɗa ba. Toh shi ne Turkawa ke ce wa entel.

Guntulo kalmar aka yi daga entelektüel, wadda su ma arowa suka yi daga Faransanci, ma'ana mai zurfin ilimi da tunani. Da aka datse mata wutsiya sai ta koma ba'a. In ka ji an ce wane entel ne to ba yabo ba ne fa, ana nufin mai iyayi, wanda zai zauna a wajen shan shayi ya yi awa biyu yana zuba a kan halin da talaka ke ciki alhali ko sunan mai gadin gidansu bai sani ba. Har ƙara mata gishiri suke su ce "entel dantel", dantel ɗin leshi ne, wato duk ado ne kawai. Kalmar entel ta yi tashe ne a shekarun 1980, bayan juyin mulkin Janar Kenan Evren na 12 ga Satumba 1980, lokacin da aka yi ta kulle 'yan siyasa da ɗalibai da marubuta, siyasa ta zama abin tsoro, da yawan masu karatu suka koma surutu a mashaya.

Kalmar mutunci kuwa aydın ce, wato wayayye, mai haske, ita ce ma a cikin gaisuwarsu ta safe günaydın. A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa münevver ake cewa, daga Larabci, tushensu ɗaya da Munawwara da muke ji a Madinatul Munawwara, sai aka maye ta da aydın lokacin da gwamnatin Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ta shiga rage kalmomin Larabci da Farisanci daga Turkanci.

Hedikwatar su entel a bakin mutane ita ce Cihangir (Jihangir ake faɗa), wata unguwa a gundumar Beyoğlu ta Istanbul kusa da dandalin Taksim, sunan ɗan Sultan Sulaiman ne aka sa mata. Lunguna masu gangara, kyanwowi ko'ina, 'yan fim da 'yan jarida a kan kujeru bakin titi.

Wani zai ce ai ɗan boko ne kawai, eh akwai kama, musamman yadda ake faɗar "ɗan boko" ana taɓe baki. Amma namu komai bokonsa ranar suna ko ta'aziyya dole ya fito ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, dangi ba za su ƙyale shi ba. Shi kuwa entel na dirama ya yanke wannan igiyar da hannunsa, kuma ni nan ne nake jin tausayinsa ya fi dariyar yawa. Birni mai mutum sama da miliyan 15, waya na ƙara, mahaifiyarsa ce daga garinsu, ya kalla ya kife wayar a kan tebur. Mai aikin da ke zuwa share masa gida da ɗankwalinta ta gaishe shi, ya amsa da ƙyar ba don wulaƙanci ba, wallahi bai san me zai ce mata ba ne. Ta gama ta ja ƙofa, shi kuma ya koma taga.