Dokar Tsabtace Iska ta 1956: Yadda Birtaniya Ta Raba Gidaje da Hayaƙin Kwal

Daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamban 1952 wani baƙin hazo ya lulluɓe birnin Landan. Wanda ya san hazon hunturu zai ɗauka ya gane abin, amma wannan ba ƙura ce ba. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya hura murhunsa da kwal, masana'antu da tashoshin lantarki irin na Battersea suna ta fitar da nasu hayaƙin. Iska kuma ta ɗauke cak, ɗumamar iska ta sama ta danne mai sanyin da ke ƙasa kamar an kife tukunya da murfi. Hayaƙin ya rasa hanyar fita. A wasu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin bas sun tsaya, haka ma na ɗaukar marasa lafiya. Lissafin farko ya nuna mutum kusan 4,000 sun mutu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000, yawancinsu tsofaffi, ƙananan yara da masu ciwon ƙirji.

Gwamnati ba ta yi hanzari ba. Ƙasar na fama da bashin Yaƙin Duniya na Biyu, ana sayar da kwal mai kyau a waje, a bar wa mutanen gida mai arha mai yawan hayaƙi. Sai da matsi ya yi yawa aka kafa kwamiti a 1953 ƙarƙashin Sir Hugh Beaver, ya miƙa rahotonsa a 1954. Wani ɗan majalisa, Gerald Nabarro, ya gabatar da ƙudurin kansa, sannan ya janye shi bayan gwamnati ta yi alkawarin kawo nata. A watan Yulin 1956 dokar ta tabbata.

To me ta ce? Da farko ta haramta fitar da baƙin hayaƙi daga bututun kowane gini. Tun da kowane mai masana'anta zai iya rantsewa cewa nasa hayaƙin bai yi baƙi ba, sai dokar ta ɗauki ma'auni. Akwai wani kati da Bafaranshe Maximilien Ringelmann ya ƙirƙiro, mai ɗauke da layuka masu kauri daban-daban, daga fari tas zuwa baƙi ƙirin. Jami'in duba gari zai kafa katin daga nesa, inda layukan ke narkewa su zama ruwan toka a ido, ya dubi katin, ya dubi bakin bututun. Idan hayaƙin ya kai mataki na 2 ko ya wuce, an karya doka. Ta kuma ce sababbin tanderun masana'antu su zama marasa hayaƙi gwargwadon iko, a rage toka da ƙurar da suke watsawa, ƙaramar hukuma kuma ta duba tsawon sabon bututu kafin a gina.

Amma zuciyar dokar tana cikin ɗakin zama. Ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana unguwa a matsayin yankin hana hayaƙi, da amincewar minista. A irin wannan yanki, hayaƙi ya fito daga bututun gidanka laifi ne, sai dai in ka nuna makamashin da aka amince da shi kake ƙonawa, kamar gas, lantarki ko kwal ɗin da aka gasa aka cire masa hayaƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bature na wancan zamani yana ji da wutar murhunsa, a nan iyali ke taruwa da dare, kuma dokokin baya sun fi bin masana'antu su bar gidaje.

Abin da ya sa nake ganin dokar ta yi hikima shi ne ba da hani kaɗai ta zo ba. Wanda aka ce ya sauya murhu, ana biya masa kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin: gwamnatin tsakiya ta ɗauki 40, ƙaramar hukuma 30, mai gida ya cika 30. Masu dokar sun gane cewa talaka ba don ƙeta yake ƙona kwal mai hayaƙi ba, shi ne abin da aljihunsa ya kai. Da tara kawai aka saka masa, da ya ci gaba da hura wutarsa a ɓoye, don sanyi ba ya jiran hukuncin kotu.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Dokar ta bar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓi, wasu kuwa, musamman a yankunan haƙar kwal inda ma'aikata ke samun kwal a matsayin alawus, suka ja ƙafa. A Disamban 1962 hazon ya sake dawowa Landan ya kashe ɗaruruwa. Dokar 1968 ce ta ba minista ikon tilasta wa hukumomin da suka ƙi motsi. Gaskiya kuma ita ce arhar gas da lantarki da man fetur ta taimaka ƙwarai, domin mutane da kansu sun fara gudun wahalar kwasar toka.

Babban raunin dokar shi ne ta bi abin da ido ke gani. Kwal yana ɗauke da farar wuta, idan ya ƙone sai ya saki iska mai ƙona huhu wadda ba ta da launi, katin Ringelmann ba ya kama ta. Maganin da aka zaɓa mata shi ne dogayen bututu, a tura ta can sama. Iskar unguwa ta yi sauƙi, amma gubar ta bi iska ta tsallaka teku, ta sauka da ruwan sama mai tsami a tafkunan Norway da Sweden, kifaye suka yi ta mutuwa. Wannan ce ta kai ƙasashen Turai ga yarjejeniyar Janiba ta 1979 kan gurɓatar iskar da ke ƙetare iyaka.

A 1993 aka haɗe dokokin 1956 da 1968 wuri guda, kuma yankunan hana hayaƙi suna nan har yau. Yawancin Landan na cikinsu, sai dai yanzu murhunan itace na zamani da hayaƙin motoci ne ke damun hukumomi.