Waiwaye: Yadda talla ta ari rigar labari a jaridun Amurka

Wanda ya saba karanta jaridun Turanci ba zai rasa cin karo da shafin da aka rubuta "advertorial" da ƙananan haruffa a samansa ba. An yanko kan kalmar talla ne aka ɗaura mata jelar kalmar sharhin edita, ana nufin rubutun da mai kuɗi ya biya amma aka yi masa fasalin labari. Sai dai al'adar ta girmi sunan nesa ba kusa ba.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Amurka ke wannan ciniki. Masu sayar da magungunan da wai ke warkar da kowace cuta, da kamfanonin jirgin ƙasa da na inshora, sukan biya a cusa musu yabo a tsakiyar labarai, da haruffa iri ɗaya, babu wata alama. Da abin ya yi ƙamari, Majalisar Dokokin ƙasar ta yi doka a 1912: duk jaridar da ke son ci gaba da cin moriyar rangwamen kuɗin aikawa ta gidan waya, tilas ta bayyana masu ita, ta kuma rubuta "talla" a kan duk rubutun da aka biya. Masu jaridu suka garzaya kotu suna cewa an taka musu 'yanci, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1913.

Dokar ta tilasta sa alama, ba ta hana dabara ba. A 1970, shekarar da New York Times ta buɗe shafinta na ra'ayoyin jama'a, kamfanin mai na Mobil ya fara sayen wani lungu a ƙasan shafin, daga baya ya zama kusan kowace Alhamis. Ba man fetur yake tallatawa a wurin ba, ra'ayi yake sayarwa a kan haraji da makamashi da dokokin muhalli, kafaɗa da kafaɗa da fitattun marubutan jaridar. Tambarin kamfanin yana nan a ƙasa, don haka babu dokar da aka karya. Amma a 2017 Geoffrey Supran da Naomi Oreskes na Jami'ar Harvard sun gwada waɗannan rubuce-rubuce da takardun masana kimiyyar ExxonMobil, wato kamfanin da Mobil ya zama bayan haɗewarsa da Exxon, suka gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na takardun cikin gida sun yarda sauyin yanayi gaskiya ne kuma ɗan Adam ke haddasa shi, alhali kusan haka na rubuce-rubucen da kamfanin ya biya a jaridar shakku suke cusawa. Kamfanin ya musanta binciken. Ni dai a ganina nan ne illar take: martabar jaridar aka saya, ba fili kawai ba.

Zuwan intanet ya ƙara dagula lamarin. Google da Facebook suka kwashe kaso mafi tsoka na kuɗin talla, gidajen jaridu suka shiga neman mafita ko ta halin ƙaƙa. A Janairun 2013 mujallar The Atlantic ta wallafa wani rubutun yabon cocin Scientology da cocin ya biya, masu karatu suka yi mata ca, ta sauke shi cikin sa'o'i ta nemi afuwa. Hakan bai sa kowa ya ja da baya ba. A 2014 ita kanta New York Times ta kafa sashe na musamman mai rubuta wa kamfanoni irin wannan, sannan a Disambar 2015 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idoji, tana cewa dole alamar ta fito fili yadda mai karatu zai gane kafin ya latsa.

Matsalar yau ita ce alamar ba ta bin rubutun. Da zarar an kwafe shi an tura a WhatsApp, ɗan layin nan na sama ya ɓace, ya isa hannun mutum na goma a matsayin rahoto. Mu ma a nan mun san abin, musamman lokacin zaɓe, inda ɗan siyasa ke sayen shafi guda a jarida ko rabin awa a rediyo, a faɗi wanda ya ɗauki nauyin shirin sau ɗaya da sauri a farko, sauran lokacin kuma a yi shi da muryar da ake karanta labarai.