Bukukuwan Fiyesta da Wuraren Ibada a Ƙasar Filifin

Fiyesta shi ne bikin shekara-shekara da kowane gari a ƙasar Filifin, kai har kowace unguwa, ke yi domin girmama waliyyin da mutanen wurin suka ɗauka majiɓincinsu. Filifin ƙasa ce ta tsibirai 7,641 a kudu maso gabashin Asiya. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na jama'arta mabiya ɗarikar Katolika ne, Musulmi kuma sun ɗan haura kashi 6. Yawancin bukukuwan na coci ne a suna da lokaci, amma rawa da kiɗa da alwashin da ake yi a cikinsu sun girmi zuwan Kiristanci ƙasar.

Asali

Sifaniya ta mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898. Lokacin da limaman cocinta suka iso, sun tarar da mutane a warwatse a bakin koguna da gaɓar teku, suna bauta wa ruhohin kakanni da suke kira anito, ƙarƙashin jagorancin babaylan, waɗanda galibinsu mata ne masu rawa da yanka da ba da magani. Sai masu mulki suka ɗauki dabarar tattara jama'a a garuruwa kewaye da coci, iyakar inda ake jin ƙararrawa. Manoma ba su so barin gonakinsu ba, don haka aka riƙa janyo su da bikin waliyyi: jerin gwano, wasan kwaikwayo da abinci. Mutane suka karɓi waliyyan, amma da yawa sun ci gaba da mu'amala da su yadda suka saba da anito, wato a roƙa, a yi alwashi, idan buƙata ta biya a cika.

Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Ana yin addu'o'in kwana tara kafin ranar, a zaɓi wani mai hali da ake kira hermano mayor ya ɗauki nauyin hidima, a kuma buɗe ƙofofin gidaje ga duk wanda ya shigo ya ci. An daɗe ana sukar yadda talaka kan ci bashi don kada a ce gidansa bai ciyar da baƙi ba.

Santo Niño na Cebu

Mafi tsufan abin girmamawa na Katolika a ƙasar wani ɗan mutum-mutumi ne na katako, tsawonsa kamar santimita 30, wanda ake kira Santo Niño, yana wakiltar Yesu yana yaro, sanye da kambi da alkyabbar sarauta. Ferdinand Magellan, jagoran jiragen ruwan da Sifaniya ta aiko, shi ne ya kawo shi. A ranar 14 ga Afrilun 1521 aka yi wa sarkin Cebu, Rajah Humabon, da matarsa baftisma, aka ba matar wannan siffa kyauta. Kwana 13 bayan haka mayaƙan Lapulapu suka kashe Magellan a tsibirin Mactan, sauran mutanensa suka tsere, Kiristancin Cebu kuma ya shuɗe tare da su.

Shekara 44 suka wuce kafin Miguel López de Legazpi na Sifaniya ya iso da rundunarsa a 1565. Bayan an ƙone garin, wani sojan ruwa mai suna Juan Camus ya tsinci siffar cikin akwati a wani gida. Abin lura shi ne mutanen garin ba su jefar da ita ba duk tsawon wannan lokaci, kuma masana tarihi da dama na ganin sun ajiye ta ne a cikin anitonsu. A wurin da aka tsince ta limaman Agustinawa suka gina coci. Ginin dutse na yanzu na ƙarni na 18 ne, Fafaroma Paul na Shida ya ɗaga darajarsa zuwa basilika, wato coci mai matsayi na musamman, a 1965, girgizar ƙasar 15 ga Oktoban 2013 ta rushe hasumiyar ƙararrawarsa, daga baya aka sake gina ta.

Bikin wannan siffa shi ne Sinulog, wanda ake yi ranar Lahadi ta uku a watan Janairu. Rawarsa taku biyu ce gaba, ɗaya baya, ana kwaikwayon tafiyar ruwan kogi, ana ɗaga siffar sama ana kiran "Pit Senyor!" Ranar Asabar akan yi jerin gwanon jiragen ruwa da sassafe, da rana kuma a zaga gari da ƙafa. Gagarumin faretin ranar Lahadi, mai gasa tsakanin ƙungiyoyi da tufafi masu ƙyalli, sabon abu ne da aka fara a 1980. Tsohuwar rawar tana hannun mata masu sayar da kyandir a ƙofar basilika, waɗanda kowace rana ta Allah suke taka ta suna ambaton sunan wanda ya sayi kyandir da buƙatarsa.

Akwai wasu bukukuwa biyu na Santo Niño a tsibirin Panay. A Kalibo ana yin Ati-Atihan, inda mutane ke shafe jiki da baƙin gawayi suna kwaikwayon Ati, baƙaƙen mutanen da suka fara zama a tsibirin, suna bin ganguna suna ihun "Hala bira!" Ana danganta asalinsa da labarin wasu sarakuna goma daga Borneo da suka sayi fili a hannun shugaban Ati da hular zinariya, sai dai masana tarihi sun nuna labarin ya yaɗu ne daga wani littafi na 1907, babu tsohuwar shaidar da ta tabbatar da shi. Su kansu Ati na cikin al'ummomin da aka fi bari a baya a ƙasar, kuma wasu na ganin shafa gawayin bai dace ba. Dinagyang na birnin Iloilo, mako guda bayan Sinulog, ya samo asali ne daga kwafin siffar da aka kai daga Cebu a 1968.

Nazareno na Quiapo

A Manila, taro mafi girma shi ne na ranar 9 ga Janairu. Siffar da ake taruwa dominta, wadda ake kira Nazareno, ta Yesu ce a girman mutum, baƙa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana ɗauke da gicciye. An sassaƙa ta a Meziko, aka kawo ta Manila a farkon ƙarni na 17 ta hanyar jiragen fatauci da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Acapulco da Manila har 1815. Jama'a na cewa gobara ce a cikin jirgi ta baƙanta ta, masu bincike kuwa sun ce itacen ne mai duhu tun asali. Tsirar da ta yi daga gobara da girgizar ƙasa da ruwan bama-baman 1945 ta ƙara wa mabiya imani da ita.

Bikin, wanda ake kira Traslación, tunawa ne da ɗauko siffar daga tsohon birni mai ganuwa na Intramuros zuwa cocin Quiapo. Ana ɗora ta a kan keken da mutane ke ja da dogayen igiyoyi daga dandalin Quirino, tafiyar da ba ta wuce kilomita shida zuwa bakwai ba, amma a 2012 sai da ta ci awa 22. Mabiya kan zo ba takalmi, sanye da riguna ja mai duhu da rawaya. Kowa so yake ya taɓa igiya, ko ya jefa tawul a shafa wa siffar a dawo masa da shi. Ana suma, ana jikkata, wasu shekarun har a rasa rai. An dakatar da tattakin daga 2021 zuwa 2023 saboda annobar korona, da aka dawo a 2024 kuma sai aka sa siffar cikin gilashi don a rage hawa kan keken. Shugabannin coci sun sha jan hankalin mabiya kan turereniyar, amma talakan Manila da ya yi alwashi saboda ɗansa ya warke ba ya jin wannan kira.

A bakin cocin ana sayar da saiwoyi da layun ƙarfe da ake kira anting-anting. Tafiya kaɗan daga nan akwai Masallacin Zinariya, wanda aka gina a 1976 domin ziyarar Mu'ammar Gaddafi, ziyarar da ba ta yiwu ba.

Sauran shekara

A makon da ya gabaci Ista, mutanen Marinduque kan sa fuskokin katako na sojojin Rum su yi wasan Moriones, a gidaje kuma a yi ta rera labarin wahalar Yesu dare da rana. A San Pedro Cutud da ke Pampanga wasu kan sa a kafa musu ƙusa a kan gicciye da gaske, abin da cocin Katolika ba ta amince da shi ba.

Mayu watan manoma ne. Ranar 15 mutanen Lucban kan lulluɓe gidajensu da kayan lambu da kiping, wani ɓawon garin shinkafa mai launi da ake yi a siffar ganye, don godiya ga San Isidro, waliyyin manoma. A Pulilan ana kawo ɓaunar noma ta durƙusa a gaban coci. A Obando, daga 17 zuwa 19, ma'aurata masu neman haihuwa ne ke rawa a titi, kuma nan ne tsohon addini ya fi fitowa fili. Kirsimeti na farawa da ibadar asuba ta kwana tara daga 16 ga Disamba, da fitilun parol masu siffar tauraro.

Wasu sanannun bukukuwan ba na coci ba ne, kuma daga masifa suka fito. MassKara na Bacolod an ƙirƙire shi a 1980, shekarar da farashin sukari ya faɗi kuma jirgin ruwan Don Juan ya nutse. Bikin furanni na Panagbenga a Baguio ya biyo bayan girgizar ƙasar 1990.

Gine-gine da camfe-camfe

A 1993 hukumar UNESCO ta sa coci huɗu a jerin kayan tarihin duniya: San Agustin na Manila da aka kammala a 1607, Paoay, Santa Maria da Miagao. Gajeru ne masu kaurin bango da manyan madogarai saboda girgizar ƙasa. A fuskar cocin Miagao an sassaƙa waliyyi Kristofa yana riƙe da bishiyar kwakwa, ga gwanda da gwaba a gefensa.

A ƙauyuka, mai wucewa ta gaban suri ko babbar bishiya yakan ce "tabi-tabi po", yana neman izinin ruhin da ke wurin. Mai maganin gargajiya, albularyo, yakan haɗa ganye da addu'o'i masu kama da Latin.

Kudancin Musulmi

Musulunci ya riga Magellan isowa da fiye da ƙarni guda. A tsibirin Simunul da ke Tawi-Tawi akwai masallacin da ake danganta kafa shi ga Shehu Karimul Makhdum a 1380, kuma tsofaffin ginshiƙan katako na nan a cikin sabon ginin. Babban masallacin Cotabato, wanda Sarkin Brunei Hassanal Bolkiah ya taimaka da kuɗin gina shi, an kammala shi a 2011. A birnin ne kuma ake bikin Shariff Kabunsuan kowane Disamba, da jerin kwale-kwale masu tutoci a kogi, don tunawa da wanda ya kawo Musulunci tsakiyar tsibirin Mindanao. Kiɗan da ke raka irin waɗannan taruka shi ne kulintang, jerin ƙananan kugen tagulla. Doguwar waƙar baka ta ƙabilar Maranao, Darangen, ta samu amincewar UNESCO a 2005. Dokar ƙasa ta mai da ƙaramar Sallah ranar hutu ga kowa a 2002, babbar Sallah kuma a 2009.