Ƙa'idar kibiya a GDB: taga ɗaya ce ke riƙe da ragama

Wani ɗalibi ya same ni a shagonmu da ke Ƙofar Ƙaura da laftof a hannu, ransa a ɓace. "Malam, maɓallin kibiyata ya mutu." Yana so ya dawo da umarnin da ya rubuta ɗazu, amma duk ya danna kibiyar sama sai rubutun shirin kwamfutarsa ya gusa, umarni kuwa shiru. Kibiyar lafiyarta lau. Wata ƙa'ida ce ta GDB ya taka bai sani ba.

GDB manhaja ce ta farautar kuskure a cikin shirin kwamfuta, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. In ka buɗe ta da gdb -tui, ko ka danna Ctrl-x sannan a, allon zai rabu biyu: tagar rubutun shiri a sama, tagar umarni a ƙasa.

Ƙa'idar ita ce, kibiyoyin nan huɗu suna yi wa taga ɗaya aiki ne kawai, wadda ragama ke hannunta a lokacin. Da ka shiga, ragama tana wajen tagar sama. Abin da ke rikita mutane shi ne haruffan da ka buga duk da haka a tagar ƙasa suke sauka, sai ka ɗauka kibiya ma can za ta bi. Ni a ganina tsarin daidai ne, domin mai neman kuskure ya fi yawan leƙa rubutun shirinsa sama da ƙasa, kuma ba linzamin kwamfuta (mouse) zai riƙa kamawa ba.

Mafita biyu ce. Ko ka miƙa ragamar ta hanyar rubuta focus cmd, ko danna Ctrl-x sannan o, nan take kibiyar sama ta koma dawo da tsohon umarni. Ko ka bar ta inda take, ka yi amfani da Ctrl-p don umarnin baya, Ctrl-n don na gaba, Ctrl-b da Ctrl-f don matsawa hagu da dama a layin. Waɗannan daga Readline suka fito, wato manhajar da ke kula da layin rubuta umarni, gadon manhajar rubutu ta Emacs ne, kuma ba ruwansu da wace taga ke da ragama. Su na fi koya wa yara, tunda a Bash, manhajar karɓar umarni ta Linux, ma haka suke aiki. In ka rasa inda ragamar take, info win zai nuna maka.

Akwai kuma Ctrl-x sannan s. Nan harafi ɗaya ya zama umarni ba sai an danna Enter ba: n layi na gaba, s shiga cikin aikin (function) da layin ya kira, c ci gaba, q fita daga yanayin.

Kafin yaron ya tashi, shirinsa ya watso rubutu ya hargitsa allon. Na ce ya danna Ctrl-l. Allo ya daidaita, ya koma neman layin da ke kashe masa shirin.