Tiyon ruwan tsohuwar mota yana yoyo: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Kullum sai na ƙara ruwa a lagireto, amma ba na ganin ɗigo a ƙasa. Ina ruwan yake tafiya?

Amsa: Sau da yawa yoyon ba ya tashi sai inji ya ɗau zafi. Inji yana aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, murfin lagireto kuma yana matse ruwan don kada ya tafasa da wuri. Matsin nan ne ke buɗe ƙaramar tsaga a jikin tiyo, ruwa ya fesu kan ƙarfe mai zafi, ya ƙafe bai kai ƙasa ba. Da safe, kafin ka tayar da mota, ɗaga bonet ka duba bakin kowane tiyo. Busasshen fari ko kore da ya taru gefen kilif, wato ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyo, shi ne sawun yoyo. Sannan ka matsa tiyon da hannu. Wanda ya yi laushi tuɓus, ko ya kumbura, ko ya bushe har yana ƙara, ya gama aiki.

Tambaya: Ɗaya ne ya fashe, me ya sa bakanike yake cewa a canza har da sauran?

Amsa: A nan ina bayan bakanike. Motocin tokunbo da ke hannunmu, irin su Golf 3 da Peugeot 406, da yawa sun haura shekara 20, kuma tiyoyinsu rana ɗaya aka saka su. In ka sa sabo guda, matsi ya dawo daidai, sai ya nemi na gaba mai rauni. Wanda aka fi mantawa su ne ƙananan tiyo biyu na hita, da suke bayan inji suna shiga cikin mota, saboda ido ba ya kaiwa wajen. Haka ma bututun ƙarfe da ke bin jikin inji, tsatsa daga ciki take cin sa, a waje ka gan shi garau. Masu Golf 3 su duba mahaɗin roba da ke jikin kan inji, ya shahara da tsagewa. Kuɗin waɗannan duka bai kama ƙafar kuɗin gaskit ɗin kan inji da ya ƙone ba, balle kan injin da ya lanƙwashe.

Tambaya: A ƙasarmu mai zafi, ba sai a toshe hita kawai ba?

Amsa: Ana yi, kuma inji ba ya cutuwa in an haɗa bakin tiyo biyun da juna yadda ruwa zai ci gaba da zagayawa. In kafet ɗin gaba yana jiƙa, ko gilashi yana yin hazo mai maiƙo tare da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton hita ne ya huje, kuma a motoci da yawa sai an kwance dashbod kafin a kai gare shi. Sai dai mai bin hanyar Jos da asuba a hunturu zai nemi hitar nan ya rasa.

Tambaya: Na hannu fa, daga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna?

Amsa: Bututun ƙarfe na hannu babu laifi in cikinsa ba tsatsa. Tiyon roba kuwa, sabo za ka saya, da sababbin kilif. Ɗaure shi da robar tayar keke dabara ce ta isa gareji, ba gyara ba ce.

Tambaya: Bayan an canza, wane ruwa zan zuba?

Amsa: Kulant, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a jarka, ba ruwan rijiya ko na bohol ba, don gishirin cikinsu shi ke toshe lagireto, ruwa zalla kuma shi ke kawo tsatsar nan. Mai kauri ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, wani kuma a haɗe yake zuwa, karanta jikin jarkar. Ka tabbata an fitar da iska: a buɗe hita zuwa ƙarshe, a bar inji yana aiki har fanka ta tashi. Peugeot 406 tana da ƙananan sukurori na fitar da iska, in ba a buɗe su ba, motar za ta yi zafi ko da komai sabo ne. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Tsohon kulant kuma guba ne mai zaƙi, a juye shi a jarka a rufe, nesa da yara da awaki.