Idan manoma sun gudu daga gubar nukiliya, wa ke gadon gonakin?

Me ya faru a Cernobil har aka bar gonaki?

Ranar 26 ga Afrilun 1986 injin na huɗu na tashar wutar nukiliya ta Cernobil, a Yukren, ya fashe. A shekarar nan aka kwashe mutane kusan 116,000 daga kewayen tashar. Gonaki, lambuna, rumbuna, duk aka juya musu baya, suka zama saura, ciyawa da itatuwa suka rufe su.

Ashe namun daji ba su mutu ba?

Wasu sun mutu da farko. Itatuwan dajin da ke dab da tashar sun yi ja sun bushe, har aka laƙaba masa suna Jan Daji. Amma da tafiya ta yi tafiya sai lissafi ya juya. Binciken da aka fitar a 2015 a ɓangaren yankin da ke cikin ƙasar Belarus, maƙwabciyar Yukren, ya nuna barewa da aladen daji sun yi yawa kamar a gandun dajin da guba ba ta taɓa ba, kyarketai kuwa sun ninka na can sau bakwai. Dawakin daji da aka sako a 1998 ma sun hayayyafa.

To gubar ce ta amfane su?

A'a, kuma wannan ne nake so mai karatu a Maraɗi ya riƙe, tunda ƙasarmu ke haƙo yuraniyom, makamashin tashoshin nukiliya, a Arlit. Guba guba ce. Sinadarin siziyom-137, ɗaya daga cikin gubar da fashewar ta watsa, sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma yana taruwa a naman aladen daji. Abin da ya sauya shi ne babu garma, babu tarko, babu bindigar maharbi, babu mai sarar itace. Nauyin da ɗan Adam ke ɗora wa daji aka sauke.

Duk dabbobi ne suka ci riba?

Ko kusa. Akwai halittun da rayuwarsu ke rataye da manomi. Dubi shamuwa: da damina ta kusa, cikin gari take sheƙa, a kan bishiyar da ke tsakar gida, tana bin gona tana tsintar fara. Ƴar uwarta, farar shamuwa ta Turai, ta ƙaurace wa ƙauyukan Cernobil da aka bari, tantabaru ma suka ragu. A Fukushima ta Japan, bayan hatsarin tashar nukiliya na Maris 2011, fadamun shinkafa da aka daina ba ruwa suka bushe, kwaɗin da ke haihuwa a cikinsu suka rasa wurin saka ƙwai. Ana yawan mantawa da waɗannan ƙanana idan ana murnar dawowar kyarkeci, kuma abin yana damuna.

Da mutane suka fara komawa fa?

A Fukushima sun tarar aladen daji sun mamaye unguwanni, suna kutsawa gidaje suna tone gonaki, wasu ma sun yi barbara da aladen gida da aka bari. Sai da hukumomi suka sa maharba suna kama su da tarko, naman kuwa aka hana sayarwa saboda guba.