Waiwaye: Yadda fannin nazarin jima'i ya girma a jami'o'in Amurka ba shi da gida

Tun daga 2023 zuwa yau, da wuya shekarar karatu ta ƙare a Amurka ba a ji wata jami'a ta zauna tana tankaɗe da rairayar kwasa-kwasanta na nazarin jinsi da jima'i ba. Wata ta rage adadin kwas ɗin da ake buƙata, wata ta sake wa fannin suna, wata ta cusa shi cikin wani, wata kuma ta rufe shi ɗungurungum. A jihar Indiyana, kasafin kuɗin 2023 ya hana a kashe kuɗin jiha a kan Cibiyar Kinsey ta binciken jima'i, wadda ta fi kowace suna a wannan harka. A Nuwamban 2024 jami'ar Texas A&M ta soke ƙananan fannoni da kwasa-kwasan satifiket 52 a zama ɗaya, ciki har da na nazarin masu neman jinsi ɗaya, kuma hujjar da aka kafa ita ce ƙarancin ɗalibai. Masu murna na cewa an share ɓarnar da ta kutso jami'a kwanan nan, masu kuka na cewa siyasa ta far wa ilimi dare ɗaya. Kowane ɓangare na magana kamar jiya aka soma. Alhali fannin ya haura shekara 80 a jami'o'in ƙasar, kuma raunin da ake kama shi da shi yau ya faro ne daga wani sauyi a ofishin masu lissafin kuɗi, wanda kusan babu mai ambatonsa a muhawarar.

Sai an san yadda digirin Amurka yake kafin maganar ta zauna. A jami'o'inmu ɗalibi yana shiga sashe ɗaya ne tun ranar da ya samu gurbi. A can yana tara kiredit, wato ma'aunin nauyin kwas, kusan 120 a shekara huɗu, babban fanninsa ya ci kaso mafi tsoka, a ragowar kuma yana da damar haɗa kwas biyar zuwa bakwai, kiredit 15 zuwa 21, a wani ƙaramin fanni da za a rubuta masa a takardar sakamako. Mai karatun aikin jinya ko halayyar ɗan'adam ko aikin jin daɗin jama'a yakan ɗauki ƙaramin fannin jima'i, domin gobe shi ne zai zauna da ma'auratan da zamansu ya ƙi daɗi, ko yarinyar da aka ci zarafinta, ko mai fama da ciwon sanyi yana jin kunyar faɗi. Ƙa'idojin fannin kuwa shafi ɗaya ne a kundin jami'a: kwas ɗin share fage na dole, sai jerin waɗanda ɗalibi zai zaɓa daga ciki. Wannan shafin ne ake ta kai ruwa rana a kansa.

Tarihin farko sananne ne. Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar binciken jima'i a Balin a 1919, 'yan Nazi suka wawashe ta suka ƙone littattafanta a 1933. A Amurka an soma ne da kwas ɗin shirin zaman aure a shekarun 1920. A 1938 ɗalibai mata na Jami'ar Indiyana suka nemi a buɗe musu irinsa, aka ɗora Alfred Kinsey a kai, mutumin da har zuwa lokacin aikinsa nazarin wasu ƙananan ƙwari ne dangin zanzaro. Kwas ɗin ba shi da kiredit, malamansa kuma an tattaro su ne daga sassa daban-daban, likitanci da shari'a da tattalin arziki da ilimin zamantakewa. A 1940 aka ce ya zaɓa tsakanin koyar da kwas ɗin da binciken jima'i da ya soma, ya zaɓi bincike, ya kafa cibiyarsa a 1947, ya fitar da rahotanni biyu a 1948 da 1953 da suka girgiza ƙasar. William Masters da Virginia Johnson suka biyo baya da sakamakon binciken ɗakin gwaji a 1966. A 1968 likitan ƙwaƙwalwa Herant Katchadourian ya buɗe kwas ɗin jima'i a Stanford, wanda a tsawon shekarunsa ɗalibai sama da 20,000 suka ɗauka.

Daga nan kowane zamani ya zo da nasa kaya ya ɗora. Nazarin al'amuran mata ya samu tsarinsa na farko a San Diego a 1970. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. A Yunin 1981 aka fitar da rahoton farko kan wasu samari biyar a Los Angeles masu wata baƙuwar rashin lafiya, wadda daga baya duniya ta san ta da ƙanjamau, kuma a 1988 gwamnati ta aika da ƙasidar faɗakarwa zuwa gidaje miliyan 107. Sassan kiwon lafiya suka shigo da ƙarfinsu. Masana tarihi da adabi su ma suka ce tasu: sha'awa ba ta tsaya a jijiya da jini ba, al'ada da doka da addini duk suna da hannu wajen tsara ta. A 2013 dokar tarayya ta wajabta wa jami'o'i wayar da kan sababbin ɗalibai kan cin zarafi, a 2014 Kalifoniya ta yi wa jami'o'inta dokar da ta ce sai an samu amincewa a fili kafin saduwa. Galibin wannan yana cikin littattafan share fage.

Abin da ba ya ciki shi ne abin da ya faru a Jami'ar Pensilvaniya a 1974. Jami'ar na fama da giɓin kuɗi, sai ta fito da sabon tsarin kasafi. A da, duk kuɗin makaranta yana shiga asusu ɗaya ne, hukumar jami'a ta raba wa tsangayoyi gwargwadon yadda aka saba. A sabon tsari kowace tsangaya ta zama mai cin gashin kanta: kuɗin da ɗalibanta suka kawo nata ne, albashin malamanta a wuyanta, sannan ta biya wani kaso ga hukumar jami'a don laburare da wuta da gyaran gine-gine. Tsarin yana da hujjarsa, domin ya sa shugaban tsangaya ya san abin da yake kashewa. Jami'ar Indiyana, gidan Kinsey, ta karɓe shi a wajajen 1990, tana cikin manyan jami'o'in gwamnati na farko da suka yi haka. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, da jihohi suka zaftare tallafinsu, jami'o'in gwamnati da yawa suka bi sahu. Ko waɗanda ba su ɗauki tsarin da sunansa ba sun ɗauki ma'auninsa, wato ƙirga kiredit.

To ga inda gizo ke saƙar. A irin wannan lissafi, kuɗin ɗalibi galibi gida biyu ake raba shi: kaso ga tsangayar da ta koyar da kwas, kaso ga tsangayar da babban fanninsa yake. Ƙaramin fanni ba shi da layi a takardar rabon. Mu ɗauki misali: aji mai ɗalibai 300 a kwas mai kiredit uku ya kawo kiredit 900 ga sashen da ya koyar, da malami ɗaya da 'yan mataimaka. Ajin tattaunawa na masu shekarar ƙarshe, mai ɗalibai 15, kiredit 45 ne, shi ma da malami ɗaya. Duk shugaban sashen da aka miƙa wa wannan takarda ya san wanda zai kare in an zo yankan kasafi, kuma ba mugunta ba ce ta sa shi.

Kwas ɗin share fage na jima'i kuwa, tun zamanin Katchadourian, yana cikin masu cika ɗakin lacca. Don haka ya zama abin so. Sashen halayyar ɗan'adam na da nasa, sashen kiwon lafiya ya buɗe nasa, ilimin zamantakewa ya buɗe nasa, nazarin iyali ya buɗe nasa, kowanne da lambarsa da littafinsa. Amma ƙananan azuzuwan sama, waɗanda su ne ke mayar da ɗanɗano ya zama fanni, irin su dabarun bincike da ɗa'ar aiki da tarihin dokokin aure, babu mai rububinsu. Yawanci malami ɗaya ne ya ƙirƙiro kowanne don son ransa. Ranar da ya yi ritaya, sashensa zai ɗauko wanda ya dace da babban fanninsa, ko a bai wa malamin wucin gadi ajin na zango ɗaya. Ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka ta lissafa cewa a 1987 kashi 47 cikin ɗari na malamai ne ke kan aikin da ba na dindindin ba, a 2021 sun kai kashi 68. Malamin da bai san ko za a sabunta masa kwantiragi baɗi ba, ba shi ne zai zauna a kwamitin manhaja yana kare wani kwas ba.

Haka ƙaramin fannin ya wayi gari yana rayuwa da aro, malami na aro, aji na aro, har mai kula da shi na aro ne, wani malami da aka rage wa kwas ɗaya ko ba a rage masa komai ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. A 1938 wannan haɗin gambizar shi ne ƙarfin kwas ɗin Kinsey, don ya tara masana a ɗaki ɗaya ba tare da wani ya tambayi sashen da zai ci ribar ba. Da kuɗi ya soma bin kiredit, sai abin da ya zama ƙarfi ya koma nakasu.

A kusa, abin ba shi da wani armashi. Ɗaliba ce a zangonta na ƙarshe, saura kwas ɗaya ta cike fannin. Ta buɗe kundi, jerin zaɓi ya kai ashirin. Ta duba jadawalin zango, huɗu ne kawai ake koyarwa. Biyu sai wanda ya yi wasu kwasa-kwasan sashen tukuna, ɗaya ya cika tun ranar farko saboda an fifita 'yan babban fanni, ɗaya kuma ya yi karo da aikinta na asibiti. Sai ta ɗauki fam ɗin neman canji ta bi ofis-ofis, a sa mata hannu a karɓi wani kwas da ya taɓo maganar jinsi na mako biyu. In fam ɗin ya yi yawa a teburin mai kula, sai ya rubuta wa kwamitin manhaja: a cire kwas kaza da kaza da aka shekara biyar ba a koyar ba, a ƙara waɗannan, a sauke kiredit daga 21 zuwa 18, a mayar da na dole ya zama na zaɓi. Da yawa daga cikin gyare-gyaren da aka yi wa waɗannan fannoni irin wannan ne, kuma ba kasafai suke shiga jarida ba.

Illar ita ce kowane gyara na faɗaɗa jeri yana rage ƙashin baya. Akwai saɓani na gaskiya tsakanin masana a nan, kuma ya cancanci a zauna a warware shi: shin wanda bai san aikin sinadaran jiki da hanyoyin yaɗuwar cuta ba ya isa a ce ya karanci jima'i? Wanda ya san su sarai amma bai taɓa nazarin yadda addini da al'ada ke tsara aure ba fa? A ganina amsar duka biyun a'a ce, kuma fannin kirki sai ya tilasta wa ɗalibi taka ɓangarorin biyu. Sai dai wajabta kwas yana nufin wani sashe ya yi alkawarin koyar da shi kowace shekara, da kujerun da aka ware wa 'yan waje, kuma ba kasafai ake samun mai ɗaukar wannan alkawari ba. Don haka sai a kauce wa tambayar, a ce ɗalibi ya zaɓi huɗu daga cikin ashirin. Ɗalibai biyu na iya fita da suna ɗaya a takardar sakamako alhali kwas ɗaya tal suka haɗa.

Ba ina cewa siyasa ba ta da hannu ba. Akwai iyaye da 'yan majalisa da ke ƙin abin da ake koyarwa a wasu azuzuwan saboda aƙidarsu, kuma suna faɗin haka a fili. Akwai malamai da ke ganin an shiga hurumin da ba na kowa ba ne sai nasu. Wannan gardama ta girmi kowa a cikinsu. Amma a lura da ma'aunin da ake ɗagawa in an zo yanke hukunci. A 2025 jihohin Indiyana da Ohayo duk sun yi dokokin da suka sa a duba shirye-shiryen digirin da ba sa yaye ɗalibai da yawa, kuma irin wannan ƙidaya ce jami'o'i ke yi wa ƙananan fannoni a cikin gida. Ƙidayar kuwa tana kama fannin jima'i a mummunan wuri. Ɗaruruwan da suka cika ajin share fage an rubuta su a littafin sashen da ya koyar. Waɗanda suka yi kwas uku ko huɗu suka gaji da bin fam ba sa cikin lissafi. Da yawa ma ba sa yin rajistar ƙaramin fanni sai dab da kammalawa, wasu kuma na gudun a ga kalmar jima'i a takardar da za su kai wa mai ɗaukar aiki ko iyayensu. Abin da ya rage a shafin mai ƙidaya 'yan tsiraru ne, sai a ce babu masu so.

Shi ya sa takardun gyaran da ke yawo a kwamitoci yanzu suka yi kama da juna: a sake suna ya koma wajen kiwon lafiya ko zaman iyali, a rage kiredit, a karɓi kwas na intanet, a haɗe da wani fannin don adadi ya ɗaga. A fam ɗin neman gyaran akwai gurbin da ke tambaya ko shirin zai buƙaci ƙarin malami ko ƙarin kuɗi, kuma duk wanda ya taɓa kai takarda gaban kwamiti ya san cewa in yana so ta wuce, “babu” zai rubuta a wurin.